Jar Motar Gindin Tsamiya

Duk Birnin Gwari babu wanda Yusha'u mai gyaran rediyo ya raina kamar mutumin ƙauye. Shagonsa na bayan kasuwa, amma zuciyarsa tana wani ɗaki da ya ware a gida, inda ya jera tsofaffin motocin wasa masu rimot, irin waɗanda a da alhazai suke kawo wa 'ya'yansu tsarabar Makka. Duk inda ya ji an yar da wata a bayan ɗaki, sai ya hau babur. Ya kankare tsatsa, ya sauya waya, ya yanka mata taya daga tsohuwar roba, har sai ta tashi ta yi gudu. Matarsa Bushira ta yi magana har ta gaji.

Wata Laraba ya je Randagi, gidan wani tsohon manomi mai suna Abarshi, wanda aka ce yana da wata jar mota. Yana ganinta ya haɗiyi yawu. Jikinta ƙarfe ne, ba roba ba, ga rimot ɗinta mai doguwar eriya, an naɗe su cikin tsumma an cusa a ƙarƙashin rumbu. Abarshi ya ce ba tasa ba ce. Garma ce ta tono ta a gindin tsamiyar bakin rafi, kuma tun da ya kawo ta gida kaji suka daina kusantar rumbun. Jira yake ƙafarsa ta yi sauƙi ya mayar wa masu ita.

Yusha'u ya yi dariya har da buga cinya. Ya tambaya ko aljanu ma sun fara zuwa Makka sayayya ne. A dajin nan, in ji shi, abin tsoro ɗaya ne, mai bindiga. Sauran duk surutun mutanen da ba su taɓa leƙa cikin rediyo ba ne.

"Ɗana," in ji tsohon a hankali, "in ka ɗauka, kada ka tayar da ita."

Yusha'u ya ɗaure ta a bayan babur, ko sallamar kirki bai yi ba.

Gyaran bai ba shi wuya ba. Dalma na kamawa tun kafin ya gama ɗora ta. Ranar da ya kammala, da la'asar sakaliya, ya fita da ita bayan gari, kan wani falalen dutse a bakin daji, don kada 'yan kallo su taka masa ita.

Ta yi gudu kamar ba ta taɓa kwana cikin ƙasa ba. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu, yana murmushi shi kaɗai yana tuna fuskar tsohon nan. Rana ta yi ja. Bai lura da sa'ar da tsuntsaye suka yi tsit ba.

Ya ɗage yatsa daga rimot. Motar ba ta tsaya ba.

Ya yi tsaki, ya ce waya ce ta haɗu. Ya zare batiran rimot ɗin ya zuba a aljihu. Motar ta kewaye shi tana ƙugi, ta sake kewaye shi, sannan ta shige ciyawa.

Wani wari ya taso, kamar jiƙaƙƙen tsumma da aka turara. Cikin ciyawar aka ƙyalƙyale da dariya. Dariyar ta yara ce, muryoyin na tsofaffi.

Ya juya zai nufi babur. Ƙafarsa ta hagu ta ƙi. Ta ɗaga da kanta, ta taka wajen daji. Ta dama ta bi ta.

Ya dubi hannunsa. Babu rimot.

Can gaba, a inuwar wata ƙirya, ga doguwar eriyar a tsaye cikin iska, daidai tsayin hannun ƙaramin yaro. Ba kowa riƙe da ita.

Eriya ta karkata hagu, Yusha'u ya yi hagu. Ta karkata dama, ya yi dama, ya gwabza goshi da itace. Aka yi dariya. Aka ja shi da baya, aka sake gwabza shi. Jini ya gangaro masa a ido.

"Wannan ba shi da gudu," wata murya ta raɗa.

"Ya tsufa ne. A buɗe shi a gyara."

Wani abu mai sanyi, mai tsini, ya taɓa ƙeyarsa. Yana lalube. Ya sami wuri, ya fara murɗawa.

Ayatul Kursiyyu ta watse masa a ka.

Sai can nesa, daga cikin gari, ladan ya ɗaga murya.

Eriyar ta tsaya cak. Abin ya janye daga ƙeyarsa. Yusha'u ya ji gwiwoyinsa sun dawo nasa, ya zuba a guje, ƙaya na yagar ƙafarsa, bai ko dubi inda babur yake ba. A bayansa aka yi tsaki mai tsawo.

Ya sha jinya. Tun bai tashi ba ya sa Bushira ta kwashe motocin ɗakin ta zuba a tsohuwar rijiya, ta kuwa yi ba musu. Maƙwabtan da suka je ɗauko babur sun tarar an kwance shi dalla-dalla a kan dutsen, an jera notuna daga manya zuwa ƙanana, tsaf, babu wanda ya ɓata.

Ranar da ya fara fita, ya je aski. Wanzami na kaiwa ƙeya ya dakata. Akwai wani tabo ɗan mitsitsi mai tsaga a tsakiya, sak kan sukurun ɗaure rediyo. Ya taɓa shi da yatsa, ya ji ya ɗan juya. Ya naɗe askarsa, ya ce wa Yusha'u ya je wani ya ƙarasa masa.