Hure Ƙura Ba Bismilla

Bayan magariba wani mai gyara ya kwance wata tsohuwar kwamfuta a shagonsa zai ƙara mata ƙwaƙwalwa. Ƙura ta yi dam a cikinta kamar auduga. Ya cika baki ya hure, ko bismilla babu.

Yana ɗagowa sai ga dattijo a gabansa, yana warin ƙonanniyar waya.

"An tashi, baba. Sai gobe."

"Ba gyara na kawo ba, mara kunya. Haka aka koya maka, ka faɗa gidan mutane ba sallama?"

Muryar tana gurnani kamar tsohuwar fanka.

"Wane gidan?"

Dattijon ya nuna cikin kwamfutar. "Ka makantar min da jika. Da idonka za ka biya."

Mai gyara ya waiwaya neman ƙofa. Sakatar da ya sa da hannunsa tana nan a kulle.