Abokin Tanimu na Ɗakin Injina

Ku matso. Ladidi, ajiye wayar nan ko in ƙwace.

Kun san kawunku Tanimu da ke zaune a zaure. Da ba haka yake ba. A wani kamfanin kwamfuta yake aiki, inda aka haɗa injina da yawa, wasu a nan, wasu a garuruwa masu nisa. Shi ya yi mini bayani. Ya ce in aiki ya yi girma sai a gutsuttsura shi a rarraba wa injinan. Kowane gutsure hannu rabbana yake tafiya. Inda ya sauka, nan za a miƙa masa abin da yake bukata, yadda aka tsara tun farko. Ba ya tambayar wa ya ba shi.

Mai tsara abin da za a miƙa ɗin shi ne Barau, amininsa. Ya zo gidan nan. Inna yake ce mini. Da hannuna na zuba masa tuwo. Ya tsugunna ya gaishe ni a kan yashi, da ya tashi ban ga sawu ba. Na ce idona ne.

Wata rana da tsakar rana, kowa ya fita cin abinci. Su biyu, Tanimu da Barau, a ɗakin injina mai sanyi.

Barau ya ce, "Abokina, aikinka na jinkiri. Kawo sunanka in sa cikin abin da ake miƙa wa gutsattsarin."

"Sunana kuma?"

"Da na mahaifiyarka. Ba ka yarda da ni ba?"

Ya ba shi.

Aiki ya yi ta gudu, har aka ƙara wa Tanimu matsayi. Sai ya fara mantuwa. Hanyar gida. Fatiha. Ranar da ya kalle ni ya ce "Baiwar Allah, wa kike nema?" na ja shi har kamfanin.

Maigadi ya ce ba su da wani Barau.

Na shiga ɗakin. Ba kowa, sai hucin injina. Na ce, "Ka ci tuwona. Maido mini ɗan ƙanwata."

Muryar Barau ta fito ta kowane inji lokaci guda, a hankali.

"Inna, an riga an rarraba shi. Daga wane gari zan fara?"

Har yau in kun ajiye wa Tanimu ruwa ba zai sha ba, sai an sa masa a hannu.

Kada wanda ya shiga ɗakin injina shi kaɗai da rana tsaka. Kuma duk mai kirana Inna, ku duba mini ƙasa bayan ya tashi.