Siminti a Cikin Lagireto

Ranar Asabar da hantsi Munkaila direba ya shigo komisariyar 'yan sandan Ƙonni riƙe da wuyan rigar Hayatu makanike. Ya ce jiya Hayatu ya wanke mishi lagireto, yau injin ya ƙone ƙurmus gab da Tsarnawa. Hayatu dai rantsuwa yake, shekara talatin yana wankin lagireto bai taɓa kashe motar mutum ba. In anka kulle shi, ba mai sake kai mishi ko keke.

Sufeto Almoustapha mutum ne marar gaggawa, kamar mai tsince tsakuwa cikin shinkafa. Ya tafi tasha ya duba motar. Ya leƙa lagireto, ya gan shi fes. Ya tsaya yana tunani: motar da ta dahu bisa hanya, wa ya yi mata wanka?

Da ya tambaya, Munkaila ya ce Chindo ne, abokin layinshi. Shi ya jawo motar, ya sa tiyo ya ɗauraye ta har cikin lagireto, don zumunci.

Anka kira Chindo, ya zo yana ta jaje.

"Da ka sa tiyo, wane irin ruwa ya fito?"

"Fari tas, ranka ya daɗe. Aikin Hayatu ne dai bai yi ba."

Sufeto ya leƙa cikin motar. Shi ya yi aiki Agadas, inda sanyin asuba ke sa direba kunna shofaj, abin ɗuma cikin mota. Ya san akwai wani ɗan ƙaramin lagireto ɓoye gaban ƙafar direba, ruwan injin na ratsa shi. Mutanen Ƙonni kuwa, da zafi ke gasawa, wa ya taɓa tuna shi?

Ya sa Hayatu ya cire bututu biyun da ke shiga ƙaramin lagireton, ya hura ɗaya. Abin da ya zubo cikin tasa toka-toka ne, mai kauri kamar kunu. Hayatu ya murza da yatsa, ya ce siminti ne.

Sufeto ya tura tasar gaban Chindo. "In nan ya cika haka, babban ma ya cika. Kai ka wanke shi, ka ce fari ka gani. Mi kake ɓoyo?"

Nan Chindo ya faɗi gaskiya. Matan Dogarawa masu albasa sun bar motarshi sun koma ta Munkaila. Da mutane sunka tafi Juma'a, ya zuba gwangwanin siminti guda cikin lagireton da Hayatu ya gama wankewa. So ya yi ta kwana biyu gareji, ba ta mutu ba.

"Hayatu fa, da za a kulle?" in ji Sufeto.

 Da anka kama hannun Chindo za a fita, ya waiwayi motar.

"Shekara ashirin ina tuƙi," in ji shi, "ban san tana da wani ciki ba."