Ƙwayayen Fitilar Motar Baba

Motar ta girmi Dogo. Ta babansa ce, kuma ita kaɗai ya gada. Ya gyara injin, ya sake fenti, sai abu ɗaya ya gagare shi: ƙananan ƙwayayen fitilar da ke haska allon mita a gaban direba. Duk shagon da ya shiga, dariya ake masa.

"Wannan ai kamfaninta ma ya manta da ita," in ji wani mai kayan gyara. "Je ka filin matattun motoci a bayan gari, ko za ka dace."

Da almuru ya isa. Wajen na warin tsatsa da baƙin mai. Maigadi na ƙoƙarin rufe ƙofa.

"Ka dawo da safe, ɗana."

"Yanzu zan fito, Baba."

Ya ture hannun tsohon ya wuce.

Can ƙarshen fili ya samu wata mota irin tasa sak, ba taya, ba gilashi, ciyawa ta fito ta cikin injin. Amma allon mitarta a kunne yake, wani haske kore mai rauni.

Dogo ya tsaya. Ya san motar ba batir. Ya kuma san ba zai sake samun irinsu ba.

Ya shiga da sukundireba. Kujerar na da ɗumi kamar yanzu aka tashi a kai. Ya cire ƙwai na farko.

"Bawan Allah."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, daga kujerar baya. Bai juya ba.

"Ka bar mana ɗaya. Yarana na tsoron duhu."

Ya ji numfashin yara, da ƙarnin nono. Ya ce a ransa wata mahaukaciya ce ta samu makwanci.

"Ki saya musu kyandir," ya ce.

Ya cire na ƙarshe. Duhu ya rufe motar. Wani ƙaramin abu ya fara kuka, kukan da ba ya tsayawa don jan numfashi.

A bakin ƙofa ya ɗaura su a tasa motar. Suka kama nan take. Ya hau hanya yana murmushi.

Bai yi nisa ba fitilun gaba suka dushe. Na allo suka ƙara haske. Ƙarnin nono ya cika motar.

Bayan motar ya sauka, kamar an loda buhuna.

Ya taka birki. Babu.

Allurar mita na hawa, ƙafarsa ba ta kan totur.

"Mun biyo haskenmu," in ji muryar, dab da kunnensa. "Amma ka taɓa shi, ya lalace."

"Zan mayar. Wallahi yanzu zan mayar."

"Yara sun ga hasken da ya fi."

Wasu ƙananan hannaye masu sanyi suka zagayo ta bayan kansa. Suka shafa goshinsa. Suka sauko kan idanunsa.

Ya buɗe ƙofa ya faɗa waje.

Masu wucewa suka tsince shi a gefen hanya, kafaɗa a karye. Motar na tsaye gaba kaɗan, ko ƙwarzane babu. Aka ja ta gida, aka ajiye a gareji.

Likita ya duba idanunsa ya ce lafiyarsu lau. Amma ko fitila aka kai masa fuska ba ya ƙiftawa.

Matarsa ta sa aka cire batir. Allon bai mutu ba. Wata safiya ta leƙa cikin motar don ta rufe shi da tsumma, ta kasa, ta dawo ɗaki.

"Kin sa jan mayafi yau," Dogo ya ce, fuskarsa na kallon bango.

Ta dafa ƙofa. "Kana gani?"

"Daga cikin allon motar nake gani. Sitiyari, rufin mota, kujerar baya. Su ke nan."

"To a fasa allon mana."

"Idanuna za ki fasa."

Ta waiga wajen gareji. Da ta sake magana, da kyar ya ji ta.

"Akwai wani abu a kujerar?"

"Suna zaune. Uwar ta jera su suna kallona." Ya matse idanunsa da tafin hannu. "Ko na rufe waɗannan, waɗancan ba sa rufuwa."