Lambobi Uku a Guruf Ɗin Unguwa

Da hantsi aka bugo wa Sufeto waya daga asibiti. Mai kemis ɗin bakin kasuwa, wanda jama'a suka yi wa taron dangi jiya da rana, ya cika.

Yayar mamacin tana tsaye a bakin ofis, idonta a bushe. Ta ajiye wayarta a kan teburin Sufeto.

"Ranka ya daɗe, a nan aka kashe ƙanena kafin a taɓa shi da sanda. Ina so in ga wanda ya yi a ɗaure."

Guruf ne na hira a waya na mutanen unguwa. Kwana huɗu aka yi ana gardama a ciki kan cewa mai kemis ya sayar da maganin da ya lalace, yaro ya mutu. Sufeto ya bincika asibitoci uku. Babu yaron da ya mutu.

Ya sa aka buga saƙonnin a takarda, shafi talatin da ɗaya. Ya ja jan layi ƙarƙashin kowane zargi, shuɗi ƙarƙashin kowace hujja. Shuɗin biro bai yi aiki ba sai sau biyu.

Sajen ɗinsa ta leƙo. "Yallaɓai, makin jarrabawa kake yi?"

"Duba nan. Lambobi uku ne suka ja gardamar. Mai lamba ta farko yana zargi. Ta biyu ta ce ita ce ta ga gawar. Na uku yana kare mai kemis. Karanta kariyar."

Sajen ta karanta: "Ko da maganin ya lalace, ai ba shi ya haɗa shi ba."

"Kin gani? Bai ce a kawo shaida ba. Ya amince maganin ya lalace, abin da babu wanda ya tabbatar. Daga nan aka daina tambayar ko ya aikata, aka koma me za a yi masa. Wannan ba mai kariya ba ne. An sa shi ne don ya faɗi."

Aka kira mai kemis na tsallaken titi, abokin hamayyar mamacin. Ya rantse ba ya cikin guruf ɗin. Sajen ta nuna masa lambarsa, ya fara gumi. Amma saƙonninsa duk zagi ne na murya, babu tsari. Aka sallame shi.

Telan da ke kula da guruf ɗin ya ce bai san masu lambobin ba.

"Rana ɗaya ka saka su, cikin minti shida," in ji Sufeto. "Wa ya ba ka?"

Tela ya sunkuyar da kai. "Malamin sakandare ne, mai koyar da muhawara. Ya ce 'yan uwansa ne da suka tare a unguwa."

Sufeto ya koma tsoffin saƙonni. Shekara biyu baya, ya tarar da dogon rubutun malamin da sunansa: mai kemis ɗin da aka kashe yana sayar wa ƙanen malamin maganin tari mai sa maye. Ya sa hoton kwalabe, ya sa ranaku. Amsar da ya samu hotunan dariya ne. Mai kemis ya rubuta, "Malam, je ka koyar da ɗalibanka."

Sun sami malamin a ɗakin malamai bayan an tashi, yana gyara littattafai. A aljihun teburinsa akwai tsohuwar waya da layukan waya uku a cikin kwalin ashana.

"Ina ƙanenka, Malam?"

"Wata biyar bayan wannan rubutun muka binne shi." Ya rufe littafin da ke gabansa. "Na kai musu gaskiya da hujjarta, suka yi mini dariya. Sai na zauna na yi nazarinsu. Ba hujja suke bi ba, wanda ya yi nasara suke bi. Na ba su mai zargi, na ba su shaida, na ba su ragon da za a kayar."

"Ka san za su kashe shi?"

"Na so ya ji yadda ake ji idan unguwa guda ta ƙi saurarenka. Da suka ɗauki sanduna ina tsaye a tsallake. Ina da muryar da zan tsayar da su. Ban buɗe baki ba, kuma ban yi nadama ba."

Sajen ta sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Su kuma fa? Mutum ɗari biyu suka karanta, babu wanda ya tambayi sunan yaron."

"Bakwai daga cikinsu suna tsare a sel tun safe," in ji Sufeto. "Za ka kwana da su. Sai ka yi musu bayanin wanda ya rubuta."

Malam ya ja da baya. A karon farko ya toge, sai da Sajen ta ja shi zuwa mota.