Katunan Kaka Masu Huji

Ranar Litinin Malama ta ce za a yi nunin tarihin kwamfuta a aji. Kowa ya zo da wani tsohon abu daga gida.

"Kwamfuta ba daga sama ta faɗo ba," in ji Malama. "Ta farko ɗaki guda take cikawa. Daga baya ta hau tebur. Yau ga ta a aljihun kowa."

Nan take Auta ta tuna da kwalin da ke saman kabad ɗin kakanta. Cike yake da katuna masu ƙananan huji. Kaka ya taɓa gaya mata cewa da irinsu ake ba kwamfuta umarni a zamanin da.

"Kaka, ka ara mini katunan nan mana."

"A'a, amaryata. Ɗauki tsohuwar wayata. Waɗannan ba a taɓa su."

To, Auta akwai kunnen ƙashi. Ranar nunin, Kaka na cikin wanka, ta taka kujera ta sauko da kwalin, ta cusa a jaka.

A aji kowa ya baro teburinsa ya zo nata. Kan Auta ya kumbura. Ta shiga raba katunan, wannan biyar, wancan goma. Wasu na leƙen taga ta cikin hujin, wasu na fifita da su.

Malama ta juyo, ta dafe ƙirji.

"Auta! Raba su kika yi? Kowane kati umarni ɗaya ne. A jere na'ura take karanta su. In jerin ya hargitse, aikin ya lalace."

Auta ta yi maza ta bi 'yan ajin tana karɓo su. Aka tattaro katunan, babu wanda ya ɓata. Amma wanne ne na farko, wanne ne na biyu? A idonta duk kamarsu ɗaya. Ta yi ta juya su har aka tashi, ko abincin tara ba ta ci ba.

A gida ta ja Mama kicin ta nuna mata. Mama ta ajiye ludayi ta zauna.

"Kin san wa ya huda katunan nan? Marigayiya kakarki. Aikinta ke nan a ofishin da suka haɗu da Kaka. Shekara hamsin suna nan yadda ta jera su da hannunta. Ba shi da wani abu nata da ya wuce su."

Auta ta fashe da kuka.

"Mama, ki gaya masa."

"Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ke za ki gaya masa."

Auta ta kasa. Ta tura kwalin ƙarƙashin gado. Kwana biyu Kaka yana nema. Ya duba bayan kabad, ya zazzage akwatuna, har kwandon shara ya tona. Daga baya ya daina nema. Sai ya zauna bakin gado yana kallon saman kabad. Ya daina tsokanarta. Abincinsa ma yadda aka kai haka ake dawo da shi. Duk lokacin da Auta ta wuce ƙofarsa, sai ta ji ta tsani kanta.

Ranar Asabar da safe ta ɗauko kwalin, ta durƙusa a gabansa.

"Kaka, ni na ɗauka. Kuma na hargitsa su. Ba za su gyaru ba. Ka yafe mini."

Kaka ya buɗe kwalin. Ya shafa katunan, idonsa ya kawo ruwa.

"Na ji zafin ɗaukar," ya ce. "Amma shirun da kika yi ya fi yi mini ciwo. Kawo su kan tebur."

Ya daidaita katunan, ya tsayar da su, ya nuna mata gefensu na sama. Kowane kati da ɗan ɗigon jan tawada, amma ɗigon sun warwatse.

"Kakarki ta san ni da sakin abu," in ji Kaka. "In ta gama jerawa, sai ta ja layi a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan. In layin ya haɗu, jerin ya dawo."

Suka duƙufa. Auta na miƙo kati, Kaka na neman gurbinsa. Bayansu ya ƙage, idonsu ya gaji. Sai da rana ta karkata jan layin ya miƙe, daga kusurwa zuwa kusurwa.

Kaka ya bi layin da yatsa, ya yi murmushi.

"Ga hannunta nan ya dawo. Amaryata, zo mu ci abinci, yunwa nake ji."

Tun daga ranar Auta ba ta sake ɗaukar abin wani ba sai da izini. In kuma ta yi kuskure, a ranar take faɗa.