Wanda Yake Mayar da Ita

"Kowa ya fito! A kwanta — a kwanta na ce, don ubanku!"

Jaji direba ya taka birki da duk ƙarfinsa. Tsohuwar motar ta ja taya, ta tsaya dab da kututturen da aka gicciye a bakin kwalbati. Kafin fasinjoji su gama salati, mutum uku sun ɓullo daga cikin dawa, fuska naɗe da rawani, kowa da bindiga.

La'asar ce sakaliya, kan hanyar Kankia zuwa Kusada, gab da Bauranya. Dawa ta yi kai, ta rufe hanya hagu da dama. Ko raƙumi aka ɓoye a ciki sai mai rabo ya gan shi.

Ashiru ne ya finciko ƙofar baya. Ya daɗe a wannan harka. Ya jawo wani falken awaki ta wuyan riga, ya watsar da shi kan kwalta.

"Aljihu! Waya! Yi sauri, tsoho!"

"Don Allah, don Annabi, ɗana..."

"Wa ye ɗanka?" Ya narka masa gindin bindiga a ƙeya.

Ɗalha, ƙaramin cikinsu, yana bi da buhu yana dariyar ƙwaya. Jaji ya ɗago kai zai yi magana, Ɗalha ya sa takalmi ya mayar masa da ita ciki har da haƙora.

Amma wani abu ya tsaya wa Ashiru a rai tun rana. Yau ba ranar aiki ba ce. Sada, ogansu, ya kira su a gaggauce, ya ce wani yaronsa na tasha ya tsegunta masa mota mai maiƙo. Ina maiƙon? Falke ɗaya, tsofaffi, da buhun barkono. Ga kuma dagi ɗaure a bayan mashin ɗin Sada. Har Ashiru ya tsokane shi a hanya.

"Oga, shuka za mu yi ne?"

Sada bai yi dariya ba.

Yanzu ma bai ko kalli falken ba. Kai tsaye ya zagaya ɗaya gefen, ya fizgo wata mace mai niƙabi da ta maƙure a lungun kujera. Ta faɗi, ƙunshin kayanta ya watse. Ba ta yi ihu ba. Ta dai rungume hannunta na hagu a ƙirji, a karkace, kamar mai riƙe da ɗan tsako.

Ashiru ya ƙura wa hannun ido. Ya san hannun nan. Shi ya kai shi wurin mai ɗori bara, bayan Sada ya karya shi da taɓarya.

Kamila ce. Ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Matar Sada.

Sada ya matso kusa da shi, ya rage murya.

"Ta shiga rumbu ɗibar hatsi, ta ga ƙarafanmu. Na ɗan taɓa ta, ina fita ta haura zana. Ɗora ta bisa mashin. Mutanen ga za su ce sace ta anka yi."

"Mu kai ta ina?"

"Gida mana. Kai ka saba ai."

Ya saba kuwa, Allah wadaran sabo irin wannan. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Kamila ta iso garinsu Dudunni da kumburarriyar fuska, ta faɗa ɗakin mahaifiyarsu Inna Tani tana cewa kashe ta zai yi. Inna ta gasa mata jiki, ta ce a yi haƙuri, aure ke nan. Kafin kumburin ya saɓe Ashiru ya tada mashin, ya ce hau. Ba biko, ba ban baki, ba a ko nemi Sada ya zo ya durƙusa ba. Ina Ashiru zai iya? Mashin ɗin ma Sada ne ya saya masa.

* * *

Can cikin gona wani manomi da ke yankan ciyawa ya ga komai ta tsakanin kara. Ya kwanta rub da ciki, ya latsa waya.

Sajan Sodangi na shan fura a gefen motar sintiri, sai kiran ya shigo. Ya saki ludayin a cikin ƙwarya.

"Kwalbatin Bauranya! Ku hau, ku hau! Direba, taka ta har ƙasa!"

* * *

Ashiru ya damƙi damtsen Kamila, ya ja ta zuwa bakin dawa inda suka ɓoye mashina. Jikinta zafi kamar garwashi. Tana ɗingishi. Niƙabin ya zame, ya ga ido ɗaya a rufe ruf, leɓe a fashe, jini ya bushe a kunne.

Ta dubi mashin ɗin. Ta dubi tsumman ja da ke ɗaure a madubinsa, guntun zanen Inna. Sannan ta ɗago ido ɗayan da ya rage mata.

"Yaya Ashiru," ta ce a hankali. "Yau ma kai ne?"

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da ya fara tare hanya.

"Yi shiru. Hau. Gida za ni kai ki."

"Wane gidan?"

Ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan dagin. Sabon washi, bakinsa na ƙyalli. Ya juya ga Ɗalha da ya iso da buhu a kafaɗa.

"Kai, dagin ga na miye?"

Ɗalha ya washe baki. "Au, bai gaya maka ba? Oga ya ce ƙasar fadama ta yi laushi, ba za mu sha wuya ba."

Wiii — wiii — wiii!

Jiniya daga wajen Kusada. Sada ya taho a guje, rawani ya warware.

"Mu ware! Mi kuke jira?"

"Oga, ta kira sunan Ashiru," in ji Ɗalha.

Sada ya ja tsaki. "To babu lokacin haƙa. Matsa, Ashiru."

"Ƙanwata ce, Sada."

"Yau ka sani? Shege, wa ke kawo mani ita ina jibga? Matsa ko in haɗa da kai!"

Ya ɗaga bindiga, ya saita kan Kamila.

Tau!

Ba tasa ce ta tashi ba, ta Ashiru ce. Sada ya yi baya, ya dubi ƙirjinsa da mamaki, ya faɗa cikin dawa, kara na kakkaryewa a ƙarƙashinsa.

"Ka ci amana! Ka kashe oga!"

Ɗalha ya saki wuta ba saiti. Tau! Tau! Tau! Wani abu ya tsaga cinyar Ashiru, ya zube. Wani harsashin ya wuce can kan kwalta, aka ji Jaji ya yi ƙara sau ɗaya. Ɗalha ya haye mashin da buhun, ya kutsa cikin gona — bai yi nisa ba taya ta nutse a laka, manoma suka yi masa ca da fartanya.

Ashiru ya ja jiki zuwa wurin Kamila. Mashin ɗinsa na nan, makulli a jiki. Bai ko kalle shi ba.

"Kamila, ki yafe mani. Na fanshe ki, ko ba haka ba? Kamila!"

Ta janye ƙafarta daga hannunsa.

Motar sintiri ta ci birki. "Kada wanda ya motsa! Jefar da ita — jefar!"

Ashiru ya jefar da bindigar. Ankwa ta shiga hannunsa, wani kurtu ya tsige masa rawani. Can gefen mota tsofaffi sun lulluɓe Jaji da mayafi, mutumin da ya fito neman abincin 'ya'yansa, bai san Sada ba, bai san Kamila ba. Falken awaki na zaune yana tofin Allah tsine, jini na bin wuyansa. Aka jawo gawar Sada ta ƙafa, aka ajiye kusa da daginsa.

Sajan Sodangi ya durƙusa gaban Kamila. Ya dubi fuskarta, ya kawar da kai.

"Baiwar Allah, su suka yi miki wannan?"

Ta nuna gawar. "Wancan ne. Mijina ne. Shi ke duka."

"Wannan fa? An ce shi ya harbe shi. Kin san shi?"

Ashiru ya ɗago kai, yana jiran ta ce yayana ne.

Kamila ta dube shi da ido ɗayan, ta daɗe. Babu hawaye a ciki.

"Na san shi," ta ce. "Shi ke mayar da ni."